Babi Na Biyar: Littafin Da Ya Riga Kundi Fitowa

Littattafai biyu na farko da Yusufu Bala Usman ya rubuta shi kaɗai sun fito ne a baibai. A al'adar jami'a, malami kan fara da kundin digirinsa na uku. Zai kakkaɓe shi, ya rage masa nauyi, ya miƙa wa maɗaba'a, sai can daga baya, in ya yi furfura kuma ya ga dama, ya rubuta wani abu don jama'ar gari. Shi kuwa ya kammala kundinsa kan tarihin Katsina a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974, amma kundin bai zama littafi ba sai a 1981. Kafin nan, a 1979, wani littafin nasa ya riga ya shiga hannun mutane, mai suna For the Liberation of Nigeria. Wannan kuwa ba don masu ba da digiri aka rubuta shi ba. Tarin laccoci ne da maƙalu na kimanin shekara goma, waɗanda tun asali aka shirya su don ɗalibai da ma'aikata da masu karanta jarida.

Wannan jeri na baibai yana nuna yadda abin yake faruwa a zahiri. Mutane da yawa suna zaton littafin jama'a kundi ne da aka sassauta masa Turanci. Tarihin Zariya bai goyi bayan haka ba. Malamin jami'a yakan kai ga irin wannan littafi ne bayan an daɗe ana fito da shi daga ofis ana tsayar da shi gaban mutanen da ba dole ne su saurare shi ba, har ya koyi amsa tambayarsu maimakon tambayar abokan aikinsa. Littafin yana zuwa ne a ƙarshe, bayan an riga an sha gumurzu da baki.

Wanda ake rubuta wa kundi

Duk wanda ya taɓa shiga sashen da ake ajiye kundaye a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru ya san kamanninsu. Manya ne, masu kauri, da bango mai tauri da rubutun ruwan zinare a gadon baya. Tsofaffin cikinsu da tafireta aka buga su, a fuska ɗaya ta takarda, wani wurin ma ana ganin inda aka goge harafi aka sake bugawa. A ƙasan kowane shafi akwai ƙananan rubutu da ke faɗin inda aka samo kowace magana: fayil kaza a Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna, hira da wane a gari kaza ranar kaza. Shekaru huɗu ko biyar na rayuwar mutum ke nan a ɗaure wuri guda.

Masu karatun da aka rubuta wa wannan aiki ba su cika ɗaki ba. Akwai malamin da ya duba aikin, da mai jarrabawa na cikin gida, da wanda aka gayyato daga wata jami'ar. Su ne za su zauna ranar kare kundi su yi ta neman ɓaraka. Don haka ɗalibi ke rubutu kamar mai jiran hari: kowace jimla da garkuwarta, kowane ra'ayi sai an jero waɗanda suka riga shi faɗa. Ba aibu ba ne. Da haka ake tace ilimi. Sai dai mutumin da ya shafe shekaru yana irin wannan rubutu yakan fito da hannun da ya saba da kare kai, alhali mai karatu na gari jagora yake nema.

Sashen Tarihi da Bala Usman ya shiga ba wurin wasa ba ne. Farfesa Abdullahi Smith ne ya aza harsashinsa tun buɗe jami'ar a 1962, kuma shi ne ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A wannan shekarar ce Smith ya fitar da maƙalar da ta tuhumi ɗaukar labarin Bayajidda a matsayin bayanin yadda daulolin ƙasar Hausa suka kafu. Ɗalibansa sun tashi da ɗabi'ar tambayar kowace majiya: wa ya faɗa, me ya gani da idonsa, me yake so a yarda da shi?

Bala Usman, wanda aka haifa a Musawa a 1945, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya ɗauki wannan ɗabi'a ya shiga da ita tarihin gidansu. Turawan da suka rubuta tarihin jihadi sun fi son bayyana shi a matsayin faɗan Fulani da Haɓe. Shi kuwa ya bi diddigin garuruwa da sana'o'i da ƙaura da fatauci da cibiyoyin ilimi irin su 'Yandoto, ya nuna cewa wannan rabon gida biyu bai isa ya bayyana rushewar tsohon tsarin sarauta da kafuwar masarautar da Malam Ummarun Dallaje ya fara jagoranta ba. Bai ƙyale har Heinrich Barth ba, Bajamushen da ya ratsa Katsina a farkon shekarun 1850, wanda masana da yawa ke ɗaukar maganarsa kamar yankan wuƙa.

Abu ne mai nauyi, kuma ya shafi yadda 'yan Najeriya ke kallon juna har gobe. Amma a cikin kundi yake, a kan kanta.

Hanyar Kongo

Abin da ya fito da shi ya fara ne tun kafin digirin. Bayan ya dawo daga Jami'ar Lancaster a Ingila, Bala Usman ya koyar a Kwalejin Barewa da ke Zariya a ƙarshen shekarun 1960. Malamin sakandare ba shi da inda zai ɓuya. In yara ba su gane ba, fuskarsu za ta faɗa masa nan take, kuma ba zai ce su je su karanta wane da wane ba. Dole ya nemo misali daga abin da suka sani.

Sai jarida. New Nigerian, wadda ta fara fitowa a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966, ta zama dandalin da malaman Samaru ke kai ra'ayinsu. Wanda ya rubuta mata ya san cewa babban sakatare zai karanta, hedimasta zai karanta, akawun jirgin ƙasa ma zai karanta, kuma cikin 'yan kwanaki wani zai mayar masa da martani da sunansa a shafi guda. Jarida ba ta da filin dogon sharar fage. Edita yana da almakashi.

Daga nan sai aikin ƙasa ya kira shi. A watan Oktoba 1975 Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin tsara kundin tsarin mulki a ƙarƙashin Rotimi Williams, mai mutum 49. Bala Usman, yana ɗan shekara 30, yana cikinsu. Shi da Segun Osoba, masanin tarihi na Jami'ar Ife, ba su yarda da abin da rinjaye ya amince da shi ba, suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye. Gwamnati ba ta karɓa ba. Amma zaman ya sa shi ya ga manyan ƙasa ido da ido, ya ji yadda suke ɗauko tarihi da ƙabila da addini su yi ciniki da su a teburin rabon mulki. Abin da ya karanta a fayilolin ƙarni na 19 ya same shi yana yawo da babbar riga a Legas.

A ƙarshen 1977 ƙasa ta ɗauki zafi kan batun kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, muhawarar da ta kai ga wakilai Musulmi suka fice daga zaman Majalisar Tsara Tsarin Mulki a watan Afrilu 1978. Ana cikin haka ne Bala Usman ya bar Samaru, ya bi ta Palladan da Kwangila, ya wuce Sabon Gari, ya je Cibiyar Nazarin Mulki da ke Kongo ya gabatar da lacca kan yadda ake juya jama'a da sunan addini. Masu sauraron ɗalibai ne na shari'a da mulki da akanta, Musulmi da Kirista, kowa da ɓangaren da zuciyarsa ta riga ta karkata.

Hujjarsa a taƙaice ita ce: akwai wani rukuni na masu hannu da shuni waɗanda ba sa ƙera komai, ba sa noma komai. Dillalai ne tsakanin dukiyar ƙasa da kamfanonin waje, 'yan kwangila da 'yan kamasho. Tunda ba za su iya fitowa fili su faɗi ainihin aikinsu ba, sai su lulluɓe da rigar addini ko ta ƙabila, su ce wa talaka ga maƙiyinka can, alhali su da takwarorinsu na ɗaya ɓangaren a akushi ɗaya suke ci. Mutum na iya yarda da wannan bayani, yana iya ƙin yarda, kuma malamai da dama sun ƙi, suna ganin ya rage wa imani matsayinsa a rayuwar mutane. Abin da ba a musu a kai shi ne kowa ya gane abin da ya faɗa. New Nigerian ta buga laccar, aka yi ta muhawara, sannan ta shiga littafin 1979.

Abin da ke sauyawa a kan takarda

In aka ɗora shafin kundi kusa da shafin irin wannan lacca za a ga bambanci uku.

Na farko, inda ake farawa. Kundi kan buɗe da bitar ayyukan magabata. Lacca kan buɗe da abin da ke damun mutanen da ke zaune a ɗakin yau: tsadar kaya, kuɗin makaranta, kuɗin fetur da ake ji a rediyo ba a gani a aljihu, yaƙin 'yantar da Angola da kudancin Afirka. Masanin yana ajiye abin da ya sani a gefe tukuna, sai tambayar ta kama jikin mai sauraro sannan ya ɗauko shi.

Na biyu, suna. Rubutun ilimi yana son kalmomi masu faɗi irin su tsari da rukuni da sauyi. Mai karatu na gari yana son a ce masa wane ne, a ina, nawa ne. Wannan ya fi wuya, domin kalma mai faɗi ba ta kai mutum kotu, suna kuwa yana kaiwa. Wanda zai ambaci suna dole takardunsa su cika. A nan ne horon kundi ke biyan bashinsa. Bala Usman ya shahara da zuwa muhawara ɗauke da takardu da alƙaluma da kwanan wata, kuma daga ɗakin adana kayan tarihi ya koyo wannan.

Na uku, tsayawa a kan magana. A kundi ana yaba wa wanda ya ce mai yiwuwa. A gaban jama'a, wanda ya cika faɗin mai yiwuwa sai a watse a bar shi. Haɗarin a bayyane yake: a garin neman a ji, mutum na iya faɗin abin da ya wuce hujjarsa. Wannan ita ce igiyar da kowane malami mai rubuta wa jama'a yake tafiya a kai, kuma abokan aikinsa na zaune suna kallo, wasu da fatan alheri, wasu da jiran ya zame.

Wa zai buga?

Rubutu ya taru, saura maɗaba'a. A Zariya akwai Kamfanin NNPC na buga littattafai, wanda aka kafa a 1966, amma ƙarfinsa yana kan littattafan makaranta da adabin Hausa. Maɗaba'ar jami'a, wadda ta fara aiki a shekarun 1970, an yi ta ne don ayyukan bincike, kuma ita ce daga baya ta fitar da kundinsa da sunan The Transformation of Katsina. Littafin da ke sukar masu mulki a zamanin soja bai dace da ko ɗaya ba.

Sai aka buga shi a Landan, a New Beacon Books, ƙaramin kamfanin da John La Rose, mutumin Trinidad, ya kafa a 1966 don marubutan Afirka da Karebiyan. Irin waɗannan ƙananan kamfanoni na baƙar fata a Landan sun riga sun san wannan nau'in littafi. Walter Rodney, masanin tarihi ɗan Guyana, ya gama digirinsa na uku a Landan a 1966 kan tarihin gaɓar tekun Gini. Da ya je koyarwa a Jamaika sai ya riƙa fita daga jami'a yana zama da matasan unguwannin talakawa na Kingston yana ba su tarihin Afirka, har gwamnati ta hana shi komawa ƙasar a 1968. Waɗannan jawabai ne suka zama The Groundings with My Brothers a 1969, wanda kamfanin Bogle-L'Ouverture ya buga. Kundinsa bai fito daga maɗaba'ar Oxford ba sai a 1970. Shi ma dai a baibai. Mutum biyu, ɗaya a Kingston ɗaya a Zariya, kowanne bakinsa ne ya share wa alƙalaminsa hanya.

Mai karatu na Sabon Gari

Akwai tambayar da ba za a tsallake ba. Littafin da aka rubuta da Turanci, aka buga a Landan, aka shigo da shi da kuɗin waje, wace jama'a ya isa gare ta?

Sabon Garin Zariya ya tashi ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1910. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna tare da Hausawa da Nufawa da mutanen kudancin lardin Zazzau. A nan kasuwa take, da kantunan littattafai, da ƙananan maɗaba'u masu buga katin biki da rasit da kalanda. Da safe mutane kan yi cincirindo a gaban mai jarida, wanda ya saya da wanda bai saya ba, ana karanta kanun labarai ana gardama. Ga wani ɓangare na waɗannan mutane Turanci ba matsala ba ne, kuma su ne suka karɓi Bala Usman hannu biyu. Amma mai shago da tela da direba da ɗan dako da matar aure da ta yi yaƙi da jahilci, waɗanda su ne ake cewa ana juyawa da sunan addini, da Hausa suke karatu, ko a karanta musu.

Abin mamaki, babu garin da ya kai Zariya sanin yadda ake kai ilimi ga irin wannan mai karatu. A farkon shekarun 1930 aka mayar da Hukumar Fassara Zariya, ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, tarihin da aka ɗauko daga rubuce-rubucen Larabci aka mayar Hausa. Gasar rubutu ta 1933 ta fito da Abubakar Imam, malamin Midil ta Katsina, wanda Rupert East, shugaban hukumar, ya gayyato Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce. A watan Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam na editanta na Hausa, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya. Imam da East ne suka haɗa hannu suka rubuta Ikon Allah, suka yi bayanin halittu da kimiyya da Hausar da yaro zai gane, dattijo kuma ba zai raina ba. A 1951 Malam Bello Kagara ya fitar da tarihin Sarki Dikko, kakan Bala Usman kansa, da Hausa. A 1958 hukumar NORLA ta buga Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji.

In aka ƙara ja baya, malaman jihadi sun yi haka da gangan. Suna rubuta wa 'yan'uwansu malamai da Larabci, in kuma jama'a suke nufi sai su yi waƙa da Fulatanci ko Hausa. Nana Asma'u ta tsara wa mata darussa cikin waƙa, shugabannin mata masu laƙabin jaji suna ɗauka suna kai wa ƙauyuka.

Jami'a ta zo a 1962 da nata harshen da nata ma'aunin, ta zauna a Samaru, tazarar 'yan kilomitoci daga Gaskiya. Tsofaffin marubutan Hausa suna da masu karatu ba su da digiri, sababbin masana suna da digiri ba su da masu karatun Hausa.

Bala Usman da abokansa sun gane wannan giɓi. A tsakiyar shekarun 1980, bayan ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya koma aji, suka riƙa fitar da mujallar The Analyst da Turanci, da 'yar'uwarta Fitila da Hausa. A 1986 ya fitar da Nigeria Against the IMF, bayan muhawarar da ƙasa ta yi kan bashin Asusun Lamuni na Duniya. A watan Maris 1987 rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada, maƙwabtan da suka shekara da shekaru tare suka koma kallon juna da tsoro. A wannan shekarar ya tattara abin da ya faɗa tun daga laccar Kongo ya fitar da The Manipulation of Religion in Nigeria 1977–1987. A wannan karon a Kaduna aka buga, ɗan ƙarami, mai bangon takarda, irin wanda ɗalibi zai iya saya ya cusa a aljihu. Shekara takwas ke nan tsakanin Landan da Kaduna, kuma a cikinsu ne marubucin ya koyi cewa inda aka buga littafi da farashinsa suna cikin saƙon.

Abin da ake biya

Ba a yin wannan aiki kyauta. Bayan kisan ɗalibai a harabar Samaru a watan Mayu 1986, daga ɓangaren gwamnatin soja aka fara jin zargin cewa wasu malamai na koyar da abin da ba shi ake biyan su su koyar ba. A 1988 aka fitar da Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa ɗan Jamaika, daga ƙasar. A 1989 aka sallami Bala Usman daga aiki, sai da kotu ta mayar da shi. Bai daina ba. Daga cibiyar CEDDERT da ke Hanwa, a kan hanyar da ta haɗa Samaru da Sabon Gari, shi da Alkasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria a 2000. Ya rasu a watan Satumba 2005.

Akwai kuma asarar da ake yi in littafin bai fito ba sam. Mahmud Modibbo Tukur, abokin aikinsa a Sashen Tarihi kuma tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ya kammala kundinsa a 1979 kan yadda Turawan Ingila suka mamaye Daular Sakkwato da Barno tsakanin 1897 da 1914. Ya bi rahotannin Razdan da Di'o ɗaya bayan ɗaya yana nuna abin da suka aikata da abin da suka ɓoye. Ya rasu a 1988. Ɗalibai sun yi ta ɗaukar hoton shafukan kundin suna miƙa wa juna, amma bai zama littafi ba sai a 2016, da kamfanin Amalion na birnin Dakar ya buga shi. Shekara 37 ke nan. Jikokin waɗanda aka ci da yaƙi a Burmi da Satiru sun yi firamare da sakandare, wasu har sun yi ritaya, ba su ga wannan aiki a kanti ba.

Matashin malami na Samaru a yau ba soja ne babban abin da ke gabansa ba, takardar ƙarin girma ce. Maki yana kan maƙalar da ta fito a mujallar ilimi, musamman ta ƙasar waje. Littafin da aka rubuta don manomi ko malamin firamare, balle a ce da Hausa, ba ya ɗaga mutum daga wannan mataki zuwa wancan yadda maƙala ke yi. Asusun TETFund yana tallafa wa buga rubuce-rubucen malamai, amma akasari littattafan karatu ne na manyan makarantu. Wanda ya dage sai ya yi na jama'a yakan kwashi albashinsa ya kai wa mai maɗaba'a, ya buga 'yan ɗaruruwa, ya shirya bikin ƙaddamarwa ya gayyato mai kuɗi ya saya da tsada. Kashegari in ya kai sauran kantin littattafai, tambayar da zai fara ji ita ce: “Malam, yana cikin manhaja?” In ba ya ciki, sai a ce ya ajiye biyar a gani.

Duk da haka, ƙofar da Bala Usman ya bi ba ta rufe ba, ƙaruwa ma ta yi. Gidajen rediyon FM na Zariya da Kaduna da Kano suna neman masana kullum, kuma da Hausa ake hirar, masu sauraro na bugo waya suna ƙure malami da tambaya. Likitocin asibitin koyarwa na Shika suna bayanin hawan jini da ciwon suga a irin waɗannan shirye-shirye. Masu binciken noma na Samaru, waɗanda suka fitar da irin masara na SAMMAZ da dawa ta SAMSORG da gyaɗa ta SAMNUT, sun daɗe suna da hukumar NAERLS a gefensu tana mayar da bincike zuwa ƙasidu da shirye-shiryen da manomi zai amfana da su. Wasu malaman kuma suna rubutu a Facebook, inda martani ke zuwa cikin minti biyar maimakon mako guda na zamanin New Nigerian. Duk wanda ya shekara biyu yana amsa tambayoyin mutane a irin waɗannan wurare ya riga ya san abin da ke damunsu, ya san misalin da ke shiga da wanda ba ya shiga, kuma rabin littafinsa na nan a warwatse cikin wayarsa da faifan gidan rediyo.

Abin da ya rage masa shi ne edita mai haƙuri da zai zauna da shi su tsefe rubutun, irin zaman da East ya yi da Imam a 1936, da kuma ɗan kasuwar da zai ɗauki littafin daga maɗaba'a ya kai shi Funtuwa da Gusau da Maraɗi. Yadda Zariya ta taɓa mallakar waɗannan mutane biyu, da yadda ta rasa su bayan faɗuwar darajar naira a ƙarshen shekarun 1980, shi ne abin da babi na gaba zai bi diddigi.